TARIHI: Abubakar Rimi da tasha ta 67, yadda Limamin Canji ya nema wa Kano murya a sararin sama

A Jogana, cikin Ƙaramar Hukumar Gezawa, inda gona ke manne da gona, gero da dawa da gyaɗa suna cin iyaka da juna, nan tashar na'urorin watsa shirye-shiryen Rediyon Kano take. Masu saurare sun san sunayen masu karanta labarai, sun haddace muryoyin 'yan siyasa, amma kaɗan ne suka taɓa tunanin cewa duk wata magana da aka furta a ɗakin shirye-shirye ba ta isa kunnen kowa sai ta bi ta cikin irin waɗannan na'urori. Idan suka tsaya, gwamna da maroƙi duk sun zama bebaye.

Cikin 'yan siyasar da Kano ta haifa, da wuya a sami wanda ya fahimci wannan sirri kamar Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko a jihar. A ƙasa da shekara huɗu da ya yi a kan mulki ya kafa jarida, an ƙona masa gidan rediyo, sannan ya kafa gidan talabijin a wani lungu mai wuyar sha'ani na sararin sama, wanda ake kira tasha ta 67. Yau gidan yana ɗauke da sunansa.

Ɗan ƙauyen Rimi

An haife shi a 1940 a ƙauyen Rimi da ke ƙasar Sumaila, kudu maso gabas da birnin Kano. Bai bi miƙaƙƙiyar hanyar 'yan boko ta zuwa jami'a ba. Ya yi kwas a Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, ya koyar a makarantar horar da akawuna da ke Sakkwato, ya kuma ci gaba da neman ilimi yana aiki har ya kai Ingila, inda ya yi karatu a Landan, ya sami digiri na biyu kan hulɗar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Sussex. Ya riƙe muƙamin sakataren mulki a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Najeriya da ke Legas.

Siyasa kuwa tun yana saurayi ta shiga jininsa. Ya taso a inuwar aƙidar NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma a 1964, yana da shekara 24, ya tsaya takarar majalisar tarayya a mazaɓar Sumaila, a zamanin da adawa da jam'iyyar NPC kan iya kai mutum gaban alƙali. Bai kai ga majalisa ba a wancan karo. Ya sake bayyana a Majalisar Tsara Kundin Mulki ta 1977 zuwa 1978, inda fasahar harshensa, da Hausa da Turanci, ta sa aka san shi. Da aka kafa jam'iyyar PRP a 1978 yana cikin jiga-jiganta, ita ce kuma ta tsayar da shi takarar gwamna.

Gwamna mai shekara 39

Ranar 1 ga Oktoba, 1979, aka rantsar da shi. Jihar Kano ta wancan lokaci ta haɗa da Jigawa ta yau, tun daga Tudun Wada har Haɗeja, ƙananan hukumomi 20, Gezawa na ɗaya daga cikinsu.

Matakin da ya fi shiga zukatan manoma shi ne soke haraji da jangali, nauyin da talakan karkara ya gada tun kaka da kakanni, wanda kan sa magidanci ya sayar da akuya ko hatsin damina don ya tsira da mutuncinsa a gaban dagaci. A 1980 gwamnatinsa ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci, wadda daga baya hukumar UNESCO ta karrama. A shekarar ne Kano ta ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. A shekarar dai aka kafa kamfanin jaridar Triumph, wanda ya riƙa buga Albishir da Hausar boko da Alfijir da ajami.

Duk waɗannan ayyuka zare ɗaya ne ya ɗinke su. Rimi ya yi imani cewa talaka ba zai iya kare 'yancinsa ba sai ya san abin da ake ciki, kuma gwamnati ba za ta iya riƙe talaka ba sai tana iya yi masa magana kai-tsaye, ba ta bakin hakimi ko dagaci ba. Amma jarida sai mai karatu. Rediyo na zuwa ko'ina, sai dai Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Rigimar sararin sama

Talabijin ta shigo Najeriya ne ta ƙofar siyasa. Gwamnatin Obafemi Awolowo ta buɗe gidan farko a Ibadan a Oktoba 1959, Gabas ta bi a 1960, gwamnatin Sardauna ta buɗe nata a Kaduna a 1962. A tsakiyar shekarun 1970 sojoji suka tattara duk gidajen talabijin na ƙasar a hannun tarayya, dokar soja ta 24 ta 1977 kuma ta kafa hukumar NTA, ta ba ta ikon mallakar fagen ita kaɗai.

Kundin mulkin 1979 ya karya wannan kankanewa, ya ba jihohi damar mallakar gidajensu. Dalilin da ya sa gwamnoni suka yi rububin amfani da damar a fili yake. Jam'iyyar NPN ta Shugaba Shehu Shagari ce ke riƙe da tarayya, gwamnonin adawa kuma suna kukan cewa NTA ba ta haska su sai in an sami abin kushe. A wurinsu gidan tarayya zanen aro ne, ba ya rufe katara. Legas ƙarƙashin Lateef Jakande ta fara, jihohi irin su Ogun da Anambra da Filato da Borno suka bi.

Sai dai kafa gidan talabijin ba gini da kyamara ba ne kawai. Dole a sami zangon da za a watsa shirye-shirye a kai, rabon zango kuwa a hannun gwamnatin tarayya yake. Gidajen NTA sun riga sun zauna a zangon VHF, wanda ya fi tafiya nesa kuma akwatunan jama'a suka saba da shi. Yawancin gidajen jihohi sai suka tsinci kansu a zangon UHF. Na Ogun ya sami tasha ta 25, na Anambra ta 50.

10 ga Yuli, 1981

Kafin Kano ta kai ga tata tashar, gwamnan ya sha wuta ta fuska uku. A cikin gida PRP ta dare biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suna tare da Rimi da takwaransa na Kaduna, Abdulƙadir Balarabe Musa, waɗanda suka ƙi daina halartar taron gwamnonin da ke kiran kansu masu ra'ayin ci gaba. A Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka a birni. A Yuni 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa.

Ta uku ita ce fada. Gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro sababbin masarautu irin su Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse, sannan a farkon Yuli 1981 ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Mutane da yawa, har cikin waɗanda suka zaɓi PRP, sun ɗauki takardar a matsayin cin fuska. Ranar Juma'a, 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke. An cinna wa ma'aikatu da majalisar dokoki wuta, an kai hari ofishin Triumph da gidan Rediyon Kano, aka kuma kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero, a gidansa.

Wuraren da aka zaɓa a ƙona sun nuna abin da ake faɗa a kai. Masu tarzomar sun nufi bakin gwamnati da alƙalaminta. Shekara ɗaya bayan haka, a 1982, gwamnatin ta kafa gidan talabijin na jiha mai suna CTV, wanda jama'a suka fi sani da CTV 67.

Me ake nufi da 67?

Lambar ba ado ba ce, adireshi ne a sararin sama. A tsarin da Afirka da Turai ke bi, an yanka zangon UHF zuwa tashoshi daga ta 21 zuwa ta 69, kowace da faɗin megahaz 8. Ta 21 tana farawa a megahaz 470. Ta 67 tana tsakanin 838 da 846, wato saura biyu a kai ƙarshen layi.

A irin talabijin ta wancan zamani hoto da sauti ba sa tafiya a buhu ɗaya. Kowanne da siginar da ke ɗauke da shi. A tasha ta 67 mai ɗauke da hoto tana kan megahaz 839.25, mai ɗauke da sauti kuma tana sama da ita da megahaz 5.5 daidai. Kowane hoto layi 625 ne, ana aika 25 a daƙiƙa guda, launi kuma yana bin tsarin PAL.

Zama a wannan tsayi yana da tsada. Gwargwadon hawan zango, gwargwadon gajartar igiyar siginar: a tasha ta 67 tsawonta bai wuce santimita 36 ba, alhali a manyan tashoshin VHF yakan kai mita ɗaya da rabi. Gajeriyar igiya ba ta iya kewaya cikas sosai. Tana tafiya kusan a miƙe kamar hasken tocila, gini kan tare ta, ganyen bishiya kan rage mata ƙarfi, wayar da ke hawa da ita saman hasumiya ma takan cinye wani kaso kafin ta kai eriya. Saboda haka gidan da ke UHF yana buƙatar wuta mai yawa da hasumiya mai tsawo kafin ya kai inda na VHF ke kaiwa da sauƙi.

Aikin da ba a gani

A nan ne siyasa ke komawa hannun injiniyoyi. Na'urar watsa hoto ba rijiya ba ce da za a haƙa a bari. Kullum sai an duba ta, lokaci-lokaci kuma sai an sake saita ta tun daga tushe.

Saitin yana farawa daga ƙaramin sashen da ke haifar da sigina, inda wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa ke tsayar da zangon. Zafi kan sa ya kauce, don haka akan ajiye shi cikin ɗumi marar canzawa, a riƙa auna shi. Idan ya kauce, gidan ya shiga gonar wani. Daga nan sai a duba yadda hoto ke hawa kan siginar. A wannan tsari, ƙarfin sigina yana kaiwa ƙololuwa a kan alamar da ke gaya wa akwati inda layi ya fara, yana kuma sauka ƙasa sosai a kan farin hoto. Idan injiniya ya bari farin ya zarce iyaka, sai ƙugi ya shiga sauti duk lokacin da rubutu fari ya fito a allo. Idan ya bari aka matse alamar layi, sai hoto ya kama birgima ko ya yage.

Bayan haka sai sashen ƙara ƙarfi. Manyan na'urorin UHF na wancan zamani galibi suna aiki da wani dogon kwalban lantarki mai suna kilastiron, wanda ke da ɗakuna a jere. Kowane ɗaki sai an juya saitinsa a hankali, injiniya na kallon zanen da na'urar awo ke nunawa, har faɗin tashar ya wuce baki ɗaya ba tare da wani gefe ya dusashe ba. Kuskure kaɗan a nan, sai launi ya gudu ko fuska ta koma kore. Ba a yin wannan gwaji a kan eriya. Akan juya wutar zuwa wani ma'aunin da ke shanye ta ya mai da ita zafi, sai an gamsu sannan a sake ta sama.

Mataki na ƙarshe shi ne haɗa hoto da sauti a waya ɗaya, a tace gefen siginar da ba a buƙata, sannan a auna yawan wutar da ke dawowa daga eriya. Idan ruwa ya shiga mahaɗa ko tsawa ta taɓa hasumiya, wuta takan dawo baya, mai kallo ya ga mutum ɗaya ya zama biyu, kwalban mai tsada kuma ya shiga haɗari. Wannan ne ya sa kafin buɗe tasha akan saka zanen gwaji mai ratsin launuka tare da ƙara mai tsayi, abin da yaran wancan zamani suka ɗauka sallama ce kawai.

A ƙasar Kano kuwa aikin ya ninka. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska, zafin bazara yana gwada injin sanyaya na'ura, wutar NEPA tana hawa da sauka, kayan gyara kuma sai an sayo daga waje da kuɗin ƙetare, a daidai lokacin da faɗuwar farashin mai ta sa gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982.

Daga Hotoro zuwa Gezawa

Gidan yana unguwar Hotoro, kan titin Maiduguri, a gabashin birni. Saboda lanƙwasar doron ƙasa, eriyar da ke kan hasumiya mai tsawon mita 100 ba ta hango abin da ya wuce kilomita 40 da 'yan kai, sai ɗan ƙarin da tsawon eriyar mai kallo zai kawo. Ƙasar Gezawa shimfiɗaɗɗiya ce, kusa take da birni, cike kuma da jama'a, irin wurin da aka ƙera talabijin dominsa. Haɗeja da Birnin Kudu kuwa sun yi nisa, sai da tashar ƙara zango. Rediyo mai matsakaicin zango, irin wanda ake watsawa daga Jogana, yana bin doron ƙasa ya wuce wannan iyaka, shi ya sa har yau ya fi talabijin shiga ƙauye.

Ko a inda sigina ke isa, saura rabin aiki a gidan mai kallo. Akwai akwatunan da ba su da sashen UHF sam. Masu shi kuma sai sun nemi wata eriya dabam mai gajerun haƙora, a ɗaure ta a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, ta zarce darbejiyar ƙofar gida, wani yana juyawa a waje, wani yana kallon allo yana cewa a ƙara ko a tsaya. Inda lantarki bai kai ba, batirin mota ke riƙe akwatin, unguwa guda ta taru a gabansa. Wannan ya nuna iyakar burin Rimi: an kafa tashar da sunan talaka, amma kafin talakan karkara ya gan ta sai an kai masa wuta, sai kuma wani a garin ya iya sayen akwati.

Duk da haka gidan ya bar gado. Wasannin kwaikwayo na Hausa da aka riƙa nunawa a CTV da NTA Kano sun zama makarantar 'yan wasa da masu ɗaukar hoto, kuma daga irin ƙungiyoyin wasan da suka taso a wannan fage ne aka sami Tumbin Giwa, wadda ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar finafinan Hausa ta Kano.

Na'ura ba ta da jam'iyya

Rimi bai daɗe yana cin moriyar tashar ba. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. A watan Mayu Rimi ya sauka daga mulki don ya nemi wa'adi na biyu a jam'iyyar NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. A zaɓen Agusta, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, ya kuma rushe sababbin masarautun. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da jamhuriyar baki ɗaya. Cikin shekara guda, na'urar da aka saita don ta ɗauki muryar Santsi ta ɗauki ta Taɓo, sannan ta ɗauki ta soja, ba tare da injiniya ya canza mata zango ba.

Kotun soja ta zamanin Janar Muhammadu Buhari ta ɗaure shi tare da wasu tsofaffin gwamnoni, aka sake shi a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ya shiga jam'iyyar SDP. A ƙarshen 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, ya karɓi muƙamin Ministan Sadarwa a gwamnatin Janar Sani Abacha, matakin da ya jawo masa suka daga tsofaffin abokan gwagwarmaya. Mutumin da jiharsa ta taɓa neman zango a hannun tarayya ya wayi gari yana jagorantar ma'aikatar da tun asali take kula da zangunan sadarwar ƙasa. Bayan rushe majalisar ministocin a 1995 ya raba gari da Abacha, ya shiga sahun 'yan siyasar da suka rubuta masa takardar adawa da shirin tazarce a 1998, aka tsare shi. Daga wannan gungu ne aka haifi PDP, inda ya nemi tikitin shugaban ƙasa a 2003 bai samu ba.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. A Janairu 2006 aka kashe matarsa, Hajiya Sa'adatu, a gidansu da ke Kano. Ranar 4 ga Afrilu, 2010, a kan hanyarsa ta dawowa daga jihar Bauchi, ya ci karo da 'yan fashi, jikinsa ya rikice bayan haka, ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da shekara 70 a duniya, ko dab da cika ta. Bayan rasuwarsa aka sauya wa CTV suna zuwa ARTV.

Masu sukarsa suna cewa ya yi gaggawa, harshensa ya yi kaifi fiye da kima, kuma kafofin da ya kafa sun yi wa gwamnatinsa hidima kamar yadda NTA ta yi wa NPN. Magoya bayansa suna cewa ba don ya buɗe ƙofar ba, da jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa ta ci gaba da ganin kanta ta idon wasu. Maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, kuma tambayar da suka bari tana nan: gidan da aka gina da kuɗin jama'a, na mai mulki ne ko na waɗanda ake mulka?

Ita kanta tasha ta 67 zamaninta ya juya. Ƙasashen duniya sun amince a bar tsohon tsarin watsa hoto a koma na dijital, a kuma miƙa saman zangon UHF ga kamfanonin waya. An fara sauyin a Jos a 2016, aka ƙaddamar da shi a Kano a ƙarshen 2021. A sabon rabon, tsakanin megahaz 832 da 862 shi ne layin da wayar hannu ke bi ta aika saƙo zuwa turken sabis. Tsohon gurbin CTV yana tsakiyarsa. Inda a da gwamna ɗaya ke magana jama'a na kallo, yanzu matashi a Jogana ko Babawa ko Tsamiya Babba ne ke ɗaga wayarsa ya mayar da martani.